Tsakanin Haƙori da Aljihu

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin jira na sashen haƙori a ɗaya daga cikin asibitocinmu ya san akwai wata jimla da ake yawan ji a wurin, wadda ba kasafai ake jin irinta a sauran sassan asibiti ba. Likita zai leƙa bakin majinyaci, ya ɗauki hoto, sa'annan ya ce masa haƙorin nan yana gyaruwa, ga aikin da za a yi, ga kuma abin da za a biya. Majinyaci zai yi shiru, ya dafe kunci, ya yi lissafi a zuci. Can sai ya nisa ya ce, "A cire kawai, likita."

Mun ji wannan jimla daga bakin wani dattijo mai sayar da goro, wanda muka raka asibiti bayan ya kwana uku bai runtsa ba. Likitar da ta duba shi ta yi masa bayani cikin ladabi. Ta ce, "Baba, in an wanke saiwarsa aka yi masa ciko, zai ƙara yi maka aiki shekaru masu yawa." Ya tambayi kuɗin, ta faɗa. Ya tambayi na cirewa, ta faɗa. Bai ƙara tambayar komai ba. Da muka fito, auduga a bakinsa, sai ya ɗaga mana yatsu huɗu, wato wannan shi ne haƙori na huɗu da ya bari a irin wannan kujera. Babu fushi a fuskarsa, kuma bai zargi kowa ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da a ce yatsansa ne ya yi ɗan karkare, aka ce masa kuɗin magani ya fi kuɗin yankewa, da ba zai ce a yanke ba, likitar ma ba za ta yarda ba, mu ma da muka raka shi da mun tayar da ƙura. Amma da yake haƙori ne, mu duka ukun mun ɗauki abin a matsayin ciniki na yau da kullum. Tambayar da muke son mu tattauna da mai karatu ita ce, mene ne ya sa muka amince da haka, kuma shin daidai ne aljihun mutum ya riƙa yanke hukuncin gaɓoɓin da zai tsufa da su?

Kafin mu shiga batun daidai da ba daidai ba, ya kamata mu san yadda ciwon yake tafiya, domin a nan ne matsalar kuɗin ta samo asali. Ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma ba shi da jijiya, kuma idan ya fafe ba ya tofowa kamar yadda fata ko ƙashi kan haɗe. Ƙwayoyin cuta da ke zaune cikin dattin da ke manne wa haƙora suna cin sukarin da muka sha, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke zaizayar ɓawon sannu a hankali. Wannan shi ne gaskiyar abin da kakanninmu ke kira tsutsar haƙori, wadda har yau masu magani a kasuwa ke nuna wa jama'a a cikin kwano wai sun ciro ta. A farkon lamari kogon ƙarami ne, ba ya ciwo, kuma ciko kaɗan ya ishe shi. Idan ya yi zurfi sai a fara jin tsami in an sha ruwan sanyi. Sai ya isa ga jijiyar da ke tsakiya sa'annan ciwo mai hana barci ya zo. A lokacin kuwa ciko ya daina amfani, saura hanya biyu, ko a wanke saiwa a kashe jijiyar, aikin da kan ɗauki zuwa biyu ko uku, ko kuma a tuge haƙorin.

Ke nan lokacin da magani ke da sauƙi babu abin da ke kiran mutum asibiti, lokacin da ciwo ya kira shi kuwa magani ya riga ya yi tsada. Wanda ke da hali yakan je a duba shi ba tare da yana jin komai ba, a tare ɓarnar tun tana ƙarama, ya biya kaɗan. Wanda abincin gidansa ya dogara ga cinikin yini ba zai rufe tebur ya tafi neman ciwon da bai ji ba. Saboda haka talaka ne ke zuwa a makare, shi ne kuma ake karanta wa lissafi mafi nauyi. Daɗin daɗawa, ciwon yana da yaudara. Idan jijiyar ta mutu da kanta zafi kan lafa, sai mutum ya zaci kanumfarin da ya cusa, ko ƙwayar da ya saya a kemis, ko ma ruwan batir da wasu ke ɗigawa, shi ne ya warkar da shi, alhali mugunya ce ke taruwa a ƙarƙashin saiwa.

Wani zai ce ai ba a tilasta wa dattijon nan ba, an ba shi zaɓi ya zaɓa. A zahiri haka ne. Amma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin cewa ba kowace "na yarda" ce yarda ba, shi ya sa suka yi dogon bayani a kan cinikin wanda aka matsa wa da wanda larura ta kai shi bango. Mutumin da ya kwana uku bai yi barci ba, kuma kuɗin da ke jikinsa abu ɗaya kaɗai za su iya saye, ba mu ga inda zaɓinsa yake ba. An dai nuna masa ƙofofi biyu, ɗaya a kulle. Kuma cirewar ba ita ce ƙarshen biya ba. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓi sukan karkato cikinsa, na sama ya zazzago tun da ba shi da abokin karo, ƙashin muƙamuƙi ya shanye, tauna ta koma gefe ɗaya har wannan gefen ma ya gaji. Dattijon da ya rasa turamensa yakan bar nama da gyaɗa da rake, ya koma kunu da shayi mai sukari, wanda shi kuma zai ci sauran haƙoran da suka rage.

Abin mamaki shi ne, tun zamanin da can mutane ba su ɗauki haƙori ƙaramin abu ba. A dokokin Sarki Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wanda ya fasa haƙorin tsaransa a daraja sai a fasa nasa, amma in haƙorin talaka ne sai ya biya sulusin wani ma'aunin azurfa da suke kira mina, magana ta ƙare. Wato tun a lokacin an yi wa haƙori farashi gwargwadon matsayin mai shi. Shari'ar Musulunci kuwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik daga takardar da Manzon Allah (S.A.W.) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, ta sanya diyyar haƙori guda raƙuma 5, alhali diyyar rai sukutum raƙuma 100 ce. Haƙori ɗaya ke nan ya tashi a kan kashi ɗaya cikin ashirin na diyyar mutum. Imamu Malik ya daidaita na gaba da turame, bai ce wanda ake gani ya fi wanda ke ɓoye ba, kuma ba a ce haƙorin attajiri ya ɗara na mai tallan goro ba. Mai son lissafi ya ninka 5 sau 32, zai ga abin da ya fito ya haura ɗari. Mun san wannan hukunci ne na wanda aka yi wa rauni, ba na wanda cuta ta ci ba, kuma ba mu kawo shi don mu yi fatawa ba. Mun kawo shi ne don a ga irin ƙimar da aka yi wa wannan gaɓa a littattafan da muke karantawa a zaure, a kwatanta da ƙimar da muke yi mata a bakin kantar biyan kuɗi. In da wani ne ya kai wa dattijon nan naushi sau huɗu, da ana bin sa raƙuma ashirin. Da yake rashi ne ya yi aikin, ba a bin kowa komai.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka raba baki da sauran jiki ba. A shekarar 1840 aka buɗe makarantar koyon aikin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimore na Amurka, a matsayin makaranta mai zaman kanta daban da ta likitanci, kuma tun daga nan sana'o'in biyu suka riƙa tafiya kowacce da hanyarta, da ƙungiyarta, da tsarin biyanta. Da Ingila ta kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta a 1948, ta haɗa da haƙori, sai jama'a suka yi ɗango neman haƙoran roba fiye da yadda aka zata, abin da ya nuna yawan waɗanda suka daɗe suna haƙuri da wawulon baki. Shekara uku kacal bayan haka, a 1951, da gwamnati ta nemi rage kashe kuɗi saboda shirin yaƙin Koriya, wuraren da ta fara sa wa kuɗi su ne haƙoran roba da tabarau. Aneurin Bevan, wanda shi ya kafa tsarin lokacin da yake ministan lafiya, ya ajiye muƙaminsa na minista saboda wannan. A Amurka, shirin Medicare da aka kafa wa tsofaffi a 1965 bai haɗa da aikin haƙori na yau da kullum ba. A 2007 wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Maryland ya rasu bayan mugunyar haƙori ta haura ƙwaƙwalwarsa, a ƙasar da ta fi kowacce kashe kuɗi a kan lafiya. A duk inda aka tashi tsimi, da alama baki ne ake fara sallama.

Mu kuwa mun gaji wannan rabuwa tare da ƙarancin ma'aikata. Sai a 1966 aka fara horar da likitocin haƙori a ƙasar nan, a Jami'ar Legas, a harabarta ta Idi-Araba, unguwar da Hausawa da yawa ke zaune. Har yau likitocin haƙori ba su wuce 'yan dubbai ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, mafi yawansu kuma suna manyan birane, wasu sun tafi Ingila da Saudiyya. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita kai tsaye, a ranar ciwo. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, alhali a asibitocin kuɗi na manyan birane wankin saiwa da hular da ake ɗora wa haƙori ɗaya sukan zarce wannan.

A nan ne mutane da yawa ke saurin ɗora wa likita laifi, mu kuwa ba mu ga adalci a cikin haka ba. Likitan haƙori ba kamar mai rubuta magani ne da biro da takarda ba. Ɗakinsa ƙaramin ɗakin tiyata ne. Akwai kujera mai aiki da lantarki da iska, da na'urar ɗaukar hoto, da tukunyar da ke dafa kayan aiki da tururi bayan kowane majinyaci, da janareta mai shan man dizal. Allurar kashe zafi da sinadarin ciko da ƙananan allurai na wanke saiwa, kusan dukkansu daga waje ake sayo su da dala, kuma kowa ya ga abin da ya faru da naira tun daga watan Yuni na 2023. Shi kansa ya yi shekara shida a jami'a kafin ya fara aikin sanin makama. Wanda ya ce lalle sai ya yi aiki a ƙasa da abin da ya kashe, to yana kora shi ne zuwa filin jirgi. Mai cire haƙori a gefen tasha da filaya guda yana da araha, gaskiya ne, amma arahar tasa daga rashin tukunyar tururin nan ta fito, kuma ciwon hanta da ake ɗauka ta jini ba ya tambayar nawa aka biya. Araha ba ta ado.

Duk da haka akwai abin da ke wuyan likita wanda tsadar kaya ba ta sauke masa ba. Majinyaci ba ya ganin cikin bakinsa, ba ya kuma iya karanta hoton da aka ɗauka. Duk abin da aka ce masa shi ne. Mai sayen shadda yana iya murza ta ya ɗaga ta a rana, mai sayen ciko kuwa amana kawai yake saye. Saboda haka wajibi ne a gaya masa dukkan hanyoyin da ake da su, har da mai rahusa wadda ba ta kawo riba, a faɗa masa kuɗi kafin ya kwanta a kujera, kada a ƙirƙiro masa aikin da bai buƙata, kada kuma a yi masa dariyar halin da bakinsa ke ciki. Mun san mutanen da kunyar faɗan ma'aikata ta hana su komawa asibiti fiye da yadda kuɗi ya hana su.

Akwai hujjoji biyu masu ƙarfi da ake kawowa a kan masu ra'ayi irin namu, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji su ba. Ta farko ita ce, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, mata ke mutuwa wajen haihuwa, ina ta ga rarar kuɗin haƙori? Mun yarda cewa in kuɗi ɗaya ne tak, jinin da za a ƙara wa mai naƙuda ya riga cikon haƙori. Amma masu wannan hujja suna magana kamar ciwon baki ba ya kisa. Ma'aikatan asibitocin koyarwa sun san majinyatan da ake kawowa da kumburin ƙarƙashin haɓa wanda ya taso daga ruɓaɓɓen turmi, ya danne maƙogwaro har numfashi ya gagara. Kuɗin kwanciya da tiyatar mutum ɗaya irin wannan zai yi wa mutane da yawa ciko. Sa'annan ga cutar noma, wadda ake kira ciwon iska, mai kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana. Daga kumburin dasashi take farawa, a lokacin da wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki za su iya tsayar da ita. In an bar ta, cikin 'yan kwanaki take cinye kunci da leɓe da hanci, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Da akwai mai leƙa bakin yara a asibitin ƙauye, da yawancin waɗannan fuskoki ba su kai ga wuƙar likita ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko shiga rai. Ana cewa ciwon haƙori sakaci ne, kowa ya sha zaƙi ya ƙi wanke baki shi ya jawo wa kansa, don me za a ɗora wa jama'a kuɗin alawar da wani ya tsotsa? Akwai gaskiya a ciki. Mu da aka kwaɗaitar da mu yin asuwaki a kowace salla, kuma reshen darbejiya bai fi ƙarfin kowa ba, ba mu da uzuri mai yawa. Amma in za a bi wannan ƙa'ida, sai a bi ta ko'ina. Ba mu taɓa jin an tambayi ɗan acaɓa da ya karye ko gudu yake yi kafin a ɗora shi ba. Kuma yaron da aka saba masa da lemon kwalba tun yana goye bai zaɓi komai ba. Ɗalibin da ke karya kumallo da burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari, ba don kwaɗayi yake yi ba, abin da ya fi araha ke nan mai riƙe ciki har azahar. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Abin da ya kama kusan rabin 'yan Adam ya wuce a kira shi halin wane da wane. In kuwa lalle sai an bi sawun laifi, to akwai masu cin ribar zaƙin. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari, sai dai ba ta keɓe kuɗin don lafiya ba. A ganinmu, bakin da aka samo kuɗin daga gare shi ya fi kowa cancantar a mayar masa da wani abu.

To amma ko an yarda jama'a su taimaka, ina iyaka? Babu mai cewa a sanya wa Hajiya haƙorin Makka daga baitulmali, ko a biya wa saurayi kuɗin ƙara wa haƙoransa fari. Wannan ado ne, mai so ya biya. Cire zafi da kashe mugunya da cikon kogo kuwa larura ce da ba ta buƙatar gardama. Wahalar tana tsakiya. Ina za mu sa haƙorin gaba na budurwar da ta faɗi a kan babur, wadda ta koma rufe baki da mayafi in za ta yi dariya? Ina za mu sa na malamin makaranta da yara ke kwaikwayon yadda iska ke fita ta giɓinsa? Ɗaliban wannan sashe sun san daga darasin furuci yadda harshe da hanƙa da haƙora ke haɗuwa su fitar da sauti, kuma duk wanda ya yi tajwidi ya san akwai haruffan Larabci da mafitarsu ke kan gefen haƙoran gaba na sama. Alaramman da ya rasa waɗannan haƙora ya rasa wani abu daga kayan aikinsa, kamar maɗinkin da ya rasa babban yatsa. Mu dai muna ganin duk abin da rashinsa ke hana mutum ci, ko magana, ko shiga cikin jama'a ba tare da kunya ba, ya fita daga babin ado, ko da kuwa ba zai kashe shi ba.

Idan likita ba zai iya rage kuɗi ƙasa da abin da ya kashe ba, majinyaci kuma ba zai iya biya a ranar ciwo ba, abin da ya rage shi ne a sauya ranar biya, a kuma sauya yawan masu biya. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin mutanen da suka san adashi da gayya. Kowa ya zuba kaɗan lokacin da yake lafiya, wanda ciwo ya faɗa wa ya ɗauka. Sai dai asusu irin wannan yana da sharaɗi mai ɗaci, wato dole mai lafiya ya zuba, har da wanda zai shekara goma bai amfana ba. In aka bar shi ganin dama, masu kumburin kunci kaɗai za su shiga, asusu ya karye cikin wata uku. Wannan ne dalilin da ya sa dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022, wadda ta maye gurbin tsarin da aka ƙaddamar a 2005, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Rubuta doka daban, isar ta ga mai tallan goro daban. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuwa suna da tsarin takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya, ga kuma zakka da waƙafi, waɗanda muka taƙaita su ga buhun hatsi da ginin masallaci kamar ba za a iya waƙafin kujerar haƙori ba. Ko biya kashi-kashi ba tare da ruwa ba zai ceci haƙora da yawa, tun da aikin saiwa dama ba a zama ɗaya ake gama shi ba. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don a tsira da gaɓa ya fi wanda muke ci don kayan lefe.

Sa'annan ba kowane aiki ne sai likita mai shekara shida a jami'a ba. Tun 1921 ƙasar New Zealand ta fara horar da mata ma'aikatan jinya na haƙori tana tura su makarantun firamare. A Tanzaniya, a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙirƙiro hanyar ciko da kayan hannu kawai, ba lantarki ba injin huda, a kankare ruɓar a cike da wani sinadari mai kama haƙori da kansa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan sinadari, da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake shafawa ya tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Burazil ta shigar da ma'aikatan haƙori cikin asibitocin unguwa da shirin da ta ƙaddamar a 2004. Mu ma muna da makarantar horar da irin waɗannan ma'aikata a Inugu da wasu kwalejojin kiwon lafiya na jihohi. Ba kowane abu ne za a kwafo ido rufe ba. Ƙara fuloraid a ruwan famfo, wanda aka fara a Amurka a 1945, ba shi da ma'ana a unguwar da famfo bai kawo ruwa ba, kuma a wurare irin su Langtang ta jihar Filato sinadarin ya riga ya yi yawa a ruwan ƙasa har yana ɓata launin haƙora. Amma ma'aikaci guda da ƙaramin akwatin kayan hannu, mai zagaya makarantun allo da na boko sau ɗaya a zango, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Mu da ke cikin jami'a ba sai mun jira Abuja ba kafin mu taɓa wani abu. Akwai shirin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu, kuma ɗalibai da yawa suna biyan kuɗin asibiti a cikin kuɗin rajista ba tare da sun taɓa karanta abin da suka saya ba. Ya kamata ƙungiyar ɗalibai da ta ma'aikata su nemi takardar su duba layin haƙori. In cirewa kaɗai aka rubuta, su tambayi nawa za a ƙara wa kowa a shekara don a haɗa da ciko da dubawa sau ɗaya, su kawo lissafin gaban taro a yi muhawara a kansa kamar yadda ake yi a kan kuɗin ɗakin kwana. Masu gadi da masu shara da 'yan kasuwar bakin ƙofa, waɗanda ba su cikin kowane tsari, suna da ƙungiyoyinsu da sarakunansu na Sabo, kuma sun riga sun saba tara kuɗin kai gawa gida.

Dattijon nan ya koma teburinsa washegari. Da muka bi ta wajensa bayan mako biyu, mun tarar yana kankare goro da 'yar wuƙa a tafin hannu yana zubawa a baki, domin ɓangaren da ya saba taunawa da shi babu kowa. Ya ce akwai wani a gefen hagu da ya fara yi masa tsami in ya sha ruwan randa, amma bai kai a je asibiti ba tukuna.